Farar Wutar da Umma Ta Shanya

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, na taɓa yin kiwon da ido ba ya gani. Wata doguwar gorar roba na cika da tsakuwar farar wuta, na jingine ta bayan ɗakinmu a Unguwar Shanu, ina ɗura mata ruwan dattin da nake ɗebowa daga wata gonar kifi a Rigachikun. A jikin tsakuwar wasu ƙwayoyin halitta ke zaune. Farar wutar ce abincinsu, aikinsu kuma su mayar da naitiret, gubar da kashin kifi ke bari a ruwa, ta zama iska. In sun rayu na gama karatu, in sun mutu sai maimaita shekara.

Sai da suka yi wata uku kafin su kama. Bayan la'asar nakan zauna a kan turmi ina kallon 'yan kumfa suna hawa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar masu jin barci. Daga nan sai in lula duniyar tunani. Har na ga kogin Kaduna ya yi garau, ana hango yashin ƙasansa, ana kuma cewa ni na gyara shi. Da gora ɗaya fa!

Saura sati shida in gabatar da aikin, na dawo na tarar da tsakuwata a baje kan tabarma, fes, tana shan rana. Iska da rana kuwa su ne ajalin ƙwayoyin.

"Ke ma dai," in ji mahaifiyata tana murmushi, "magani guda kin jiƙa a ƙazanta har ya yi yauƙi? Na wanke miki da ruwan zafi. In ya bushe a daka da man kaɗanya, maƙwabta na fama da ƙaiƙayi."

Zama na yi a ƙasa na fashe da kuka. Da na yi mata bayanin ƙwayoyin, sai ta tambaye ni.

"Masu rai ne?"

"Eh, Umma."

"Su nawa?"

"Ba sa ƙirguwa."

Ta tashi ta janyo wani tsohon bokiti. Ashe tsakuwoyin can ƙasan gorar, waɗanda suka fi yauƙi, ƙyama ta hana ta taɓawa, ta bar su cikin ruwansu sai gobe. Da wannan ɗan ragowar na sake tayar da kiwon, da ƙyar na tsallake.

Ba mu ƙara tayar da maganar ba. Ni a zatona ta manta, har nakan ba ƙawaye labarin muna dariya. Sai bayan rasuwarta wata maƙwabciyarmu mai tuyar waina ta zo gaisuwa, take ce mini tun daga shekarar Umma ba ta taɓa fashin sadakar waina ranar Juma'a ba.

"Wai akwai wasu bayin Allah da ta kashe bisa kuskure. Na yi tambayar duniya, ta ce ita ma ba ta taɓa ganinsu ba."

Har yau in na tuna, dariya nake farawa, amma ba na ƙarasa ta.