Jinin Yatsa da Akuyar Goggo

Bayan girbin gero ƙanena ya dawo ƙauyenmu, kusa da Kunci, da wani shuɗin akwati mai riƙe sanyi ɗaure a bayan babur. Digiri na uku yake yi a Kano, bincikensa kuma a kan allurar rigakafin ƙyanda ne. So yake ya san ko allurar tana kama jikin yaranmu sosai, duk da nisa da zafin da take sha kafin ta iso.

Matsalarsa ita ce shi namiji ne, iyakarsa zaure. Ni kuwa ina koyar da matan aure a Islamiyya, babu gidan da ban shiga ba.

Ya ce, "Yaya, ke za ki zama bakina."

Na ce, "Ba zan faɗa wa mata abin da ban gane ba. Fara da ni."

Ina ɓarar gyaɗa yana bayani. Ya ce ƙwayar cutar ce da kanta a cikin allurar, sai dai an karya mata ƙarfi, don jiki ya gan ta ya koyi yaƙarta. Na saki baki. Wato cutar ake saka wa yaro don kada ya yi cutar? Goggo, yayar Baba, tana gefe tana ji. Sai ta naɗe hannun rigarta ta nuna mana wani tabo a damtsenta.

Ta ce, "Ke yau kika ji. Ga lambar da aka yi mana zamanin agana."

Muka fara zagaya gidaje da wata ma'aikaciyar jinya. In uwa da uba sun yarda, sai ta tsaga yatsan yaro kaɗan, ta ɗiga jinin a kan wata takarda. Tambayoyi kuwa na sha su. Ina za a kai jinin? Wa zai gani? Abin da ban sani ba sai in fito zaure in tambayo, in koma. Wata ta ce in dai jinin yana magana, a duba mata dalilin ƙiriniyar ɗanta.

Ana cikin haka tallafin binciken da aka ba ƙanena ya ƙare, ga sinadaran gwaji ba a saya ba. Har abinci ya rage ci. Baba ne ya kai maganar ga liman, aka kira gidauniya a filin firamare bayan sallar Juma'a. Mun saba da gidauniyar masallaci da ta rijiya, amma ba a taɓa tara mu don a amsa tambaya ba.

Sarkin fawa ya miƙe ya ce, "Malam, in ka gama binciken ka ga babu wata matsala fa?"

Ƙanena ya ce, "To, Alhaji, mun sani ke nan. Yanzu zato muke yi."

Sarkin fawa ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya sa hannu a aljihu. Wasu suka kawo wake, wasu gyaɗa. Can sai ga Goggo tana jan jar akuyarta, akuyar tana tirjewa. Ƙanena ya ce ba zai karɓa ba.

Ta ce, "Ƙyanda ta ci mini 'ya'ya kafin a haife ka. Riƙe igiyar nan, hannuna ya gaji."

Abin da aka tara bai isa ba. Amma malaminsa da ya ji labari ya yi ta bin masu hali a birni da shi, har aka cike giɓin.

Na nace sai na ga inda jinin ya je, ƙanena ya kai ni ɗakin gwajinsu. Na zaci zan leƙa na'ura in ga ana dambe tsakanin jini da cuta. Sai ya miƙo mini wani ɗan farantin roba mai ƙananan ramuka a jere, ruwan cikinsu ya zama launin ɗorawa, wani turarre, wani fayau.

Ya ce, "Inda launin ya yi ƙarfi, jikin yaron ya koyi darasinsa."

"Wannan na ɗan wa ne?"

"Ba ma sa suna, Yaya. Ni ma ban sani ba."

Na daɗe a tsaye ina kallon wani rami da launinsa bai fito ba, ina tuno yaran da na riƙe wa hannu, har mai gadi ya leƙo ya ce an kira la'asar.