Tica Dupree da Tukunyar Gumbo

Shekara talatin Lucius Dupree ya yi yana koyar da lissafi a New Orleans. Da ya yi ritaya sai ya kwashi lissafin ya kai gidan caca, teburin kraps, inda tsofaffin unguwa ke haɗuwa duk Talata da hantsi. Mutum ne mai tsafta, mai gaisuwa, amma wallahi Tica akwai taurin kai.

Wasan ba wuya. Mutum ɗaya ke jefa 'ya'yan lido biyu. A jifan farko, bakwai ko sha ɗaya ci ne ga duk wanda ya bi mai jifa. Biyu, uku ko sha biyu faɗuwa. In wata lamba ce ta fito, to ita ake nema ta sake fitowa kafin bakwai. Daga nan bakwai ta zama annoba, ko sunanta ba a kira a bakin tebur. Kusan kowa bayan mai jifa yake bi, a ci tare, a faɗi tare, a zagi 'ya'yan lido tare.

Ban da Tica. Shi ya zauna ya auna, ya gano wanda ya zuba kuɗinsa a kan cewa mai jifa zai faɗi ya ɗan fi samun sassauci. Nawa ne sassaucin? Kusan santi biyar a dala ɗari. A kan wannan santi biyar ɗin bawan Allah ya shekara sha ɗaya a kusurwar tebur shi kaɗai. In bakwai ta faɗo, mutum goma su dafe kai, shi ya tafa. Cleon, tsohon direban bas, kan ce da mai sandan da ke turo 'ya'yan lidon, "Matsa wa mai haƙa kabari, ya iso."

Tica bai damu da baƙar magana ba, har ramawa yake yi. In ya ga Cleon ya wurga dala a tsakiyar tebur wai sha biyu za ta fito, sai ya ce, "Sau ɗaya a talatin da shida take zuwa, su biya ka talatin. Ka ba su sadaka mana kai tsaye, ka sami lada."

Abin da ke cin ransa ɗaya ne. Mis Odessa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ƙaton gida da ƙatuwar tukunya, takan dafa gumbo, miyar kuɓewa da kaguwa, duk Lahadi ta gayyaci 'yan tebur. Kowa da kowa, har mai sanda. Shi kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa kiransa ba. Sai dai ranar Talata ya ji ana labarin kaguwar da aka sha a miya, ya haɗiye yawu ya koma gida ya ɗumama waken gwangwani. Kaɗaici ya ishe shi, girman kai kuma ya hana shi faɗa.

Wata Talata jifa ya zo kan Mis Odessa. Ta ɗauki 'ya'yan lidon, ta dubi Tica ta saman tabarau.

"Tica, yau ma mutuwata kake jira?"

"Haba Mis Odessa, ba ke ba ce, lissafi ne."

"To lissafin ya dafa maka abinci."

Maganar ta shige shi. Ya janye kuɗinsa daga inda ya saba, ya tura su layin jama'a. Cleon ya ce, "Ku taɓa shi ku ji, zazzaɓi ne."

Ta jefa, takwas ta fito. Aka fara kirari, "Takwas, 'yar albarka, dawo gida!" Tica ma ya buɗe baki ya ɗan taya, muryar kamar ta aro. Ta hura wa 'ya'yan lidon iska, ta sake jefawa. Huɗu da uku.

Kafin kowa ya yi motsi, hannuwan Tica sun riga hankalinsa. Ya tafa raf-raf, ya ce, "Yawwa!"

Ido goma sha wani abu suka juyo kansa. Shi kuma sai a lokacin ya ga ma'aikacin tebur yana share kuɗinsa tare da na kowa. Ya dafe kai da hannu biyu ya kurma ihu, "Wayyo dala ashirin ɗina!" Duk teburin ba wanda ya kai shi kuka.

Cleon ya yi dariya har da tari, ya rungumo kafaɗarsa. "Sannu da zuwa cikin mutane, Tica. Haka muke ji duk mako."

Mis Odessa ta rataya jakarta ba ta ko murmusa ba. Sai da ta zo daidai shi ta tsaya.

"Wanda ya faɗi tare da ni ya ci gumbona. Lahadi, ƙarfe ɗaya." Ta ɗan yi gaba, ta waiwayo. "Wanda ya tafa kuma shi zai wanke tukunya."

Ya je tun sha biyu da rabi. Ya ci kwano uku, ya naɗe hannun riga ya shiga kicin, kuma har yau bai bari wani ya taɓa wankin tukunyar nan ba.