Shekara Biyar Bayan Gwaggo Balki, Har Yanzu Ana Miƙo Damtse

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar Gwaggo Balki, Allah ya jiƙanta. Ƙanwar babana ce, kuma ita kaɗai ce ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, can bayan Maikujera. Ina yarinya a lokacin, amma idona ya ga abin da ya ishe shi.

Mutanenmu ba sa gai da ma'aikacin asibiti da baki, da damtse suke gaishe shi. Ko gidan suna Gwaggo ta je, kafin ta kai loma baki wata ta naɗe hannun riga, a auna mata jini. Na rantse, da a ce rijiya ta faɗa, mai leƙowa ba igiya zai miƙa mata ba, damtse zai miƙa. Hawan jini ne ya yi ajalinta, ita da ba wanda ya taɓa auna nata. Ranar sadakar uku wata tsohuwa, Inna Tumba, ta tare ni a zaure ta ce, "Ɗiyata, abin awon nan wa anka bar ma shi?"

Mutanen garin ne kuma suka laƙaba wa Gwaggo Mai Iska. Gaskiya da safe takan rungume ka, da la'asar ta kore ka da tsintsiya, sannan ta biyo ka har gida tana kuka kada ka daina zuwa wurinta. Gari ya yanke hukunci: aljanu ne.

Kwanan baya wasu masu binciken halayyar ɗan Adam suka zo daga birni cikin mota mai sanyi, suka tara ma'aikatan lafiya a Rabah. Yaya Hadiza, yayata da ta gaji kujerar Gwaggo, ta dawo ta ba mu labari. Wai akwai mutanen da ransu ke hawa da sauka da sauri, masu tsoron a guje su, kuma irinsu gajiyar aiki ta fi saurin cinyewa. Wai halin har suna gare shi da Turanci, tsawonsa ya kai hanyar Goronyo. Wataƙila gaskiya ne, ban ƙi ba. Amma da Gwaggo na nan, da ta saurare su tsaf, sannan ta tambaya ko akwai mai riƙe mata asibiti ta yi barcin rana ɗaya. Jiya aljani, yau hali. Damtse dai har yanzu ba wanda ya kama shi da laifi.

Abin da ya hana ni dariya shi ne Yaya Hadiza ta fara irin halin Gwaggo. Watan jiya ta jefi kaza da kofi don ta kalle ta, sannan ta zauna tana ba kazar haƙuri da hawaye. Tun daga nan, duk ranar hutunta sai in cusa abin awon cikin rumbun gero, in kafa kujera a bakin zaure. Mai naƙuda da wanda maciji ya sara kaɗai ke wucewa.

Juma'ar da ta wuce sai ga Inna Tumba, hannun riga a naɗe tun daga kan hanya. Na gaishe ta da ladabi, na ce a haɗu a asibiti. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke mi kinka ɗauki kanki? Iskar Balki ce ta koma kanki."

Kafin magariba gari ya ɗauka, na zama Mai Iska Ƙarama. Ranar Yaya ta yi barci har la'asar, ta tashi ta ci tuwonta da zafinsa. Gwaggo ta bar abin awo, ta bar suna. Abin awon yana rumbu. Sunan kuwa na karɓa, gara ya zauna a kaina da ya koma kan Yaya.