Fankar Inna a Ɗakin Maijego

A shekarar da aka yi dogon yajin aikin nan na neman mulkin jam'iyyu da yawa, makarantarmu ta sakandare, wato lise, a Sokodé ta yi watanni a rufe. Ina zaune a gidanmu na unguwar Komah, ba karatu ba aikin fari, sai saƙo ya zo cewa yayata da ke aure a Dapaong ta sauka, an sami mace. Inna ta ce in shirya, tare za mu tafi.

Lokacin bazara ce, kuma duk wanda ya san Dapaong ya san zafinta ya fi na Sokodé nesa ba kusa ba. Don haka bayan daddawa da yaji da kanwa, Inna ta ɗauko fankar teburinta ta naɗe da zani, ta rungume a cinya har cikin mota. A wani shinge bayan Kara, wani soja ya leƙo ya tambaya ko jaririn lafiya, don ya ga an rufe masa fuska. Inna ta yaye zanin. Sojan ya yi dariya har da dafa ƙofa, ya ce mu wuce.

Mun tarar da Yaya a ɗaki mai rufin kwano, tana wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, ƙurajen zafi sun feso mata a wuya, jaririyar kuma ba ta barci. Na jona fanka ke nan sai uwar mijinta, wadda kowa ke kira Hajiya, ta shigo.

"A'a, 'yar nan, kashe. Maijego ɗanyen jiki gare ta. Iskar nan ta shige ta, wa zai fitar?"

Na dubi Inna, ina jiran ta yi musu. Sai ta ce, "Gaskiyarki, Hajiya. Ba za ta taɓa ta ba."

Ta ɗauki fankar ta ɗora a kan tagar da ke kallon bayan gida, ta juya fuskarta waje. Ta sa na buɗe ƙofar da ke ɓangaren inuwar mangwaro, na yayyafa ruwa a ƙasan wajen, sannan ta jiƙa tsohon zani a ruwan randa, ta matse, ta rataya a bakin ƙofar.

"Innarsu, yanzu kajin bayan gida za ki yi wa fifita?" in ji Hajiya.

"Zafin ɗakin nake kora musu, Hajiya."

Kafin a kira la'asar ɗakin ya canja. Fankar na fitar da hucin kwano, wata iska mai laushi na shigowa ta jiƙaƙƙen zanin. Jaririya ta yi barci har da sakin hannuwa. Hajiya ta zo duba ko an saɓa mata, ta tsaya a tsakar ɗaki ta ɗaga tafin hannu tana neman inda iskar ke bugowa, ba ta samu ba. Ta zauna a bakin gado wai za ta ga jikarta. Nan ta yi sallar la'asar, washegari kuma da tabarmarta ta zo.

Daga nan ɗakin ya zama majalisa. Akwai matan dangi biyu da suka gudo daga Lomé saboda tashin hankali, su ma nan suke yini, ana tsinkar zogale, ana jin labarai a rediyo, ana gardama a kan wa zai sauka wa zai hau. In an ɗauke wuta, kuma ana yawan ɗaukewa, sai kowace ta ja maficinta, ni kuma in sake jiƙa zani. Da fanka ta motsa sai a yi shewa.

Ranar suna ina raba goro na ji Hajiya ta tara maƙwabta a gaban tagar, tana nuna musu da sandarta.

"Ba a sa wa mutum ita a jiki. Waje ake juya ta. Mu haka muke yi a gidan nan."

Inna na kusa tana kwashe tuwo. Ta ce, "Wallahi kuwa, Hajiya," ta miƙo mini kwano in kai wa malamai a zaure.