Ranar da Na Sa Dattawan Maijirgi Juya Baya

Akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, kuma ku da kuka shigo shagon hoton nan bayana ya kamata ku ji ta. Bara ne, wata Laraba bayan babbar salla, watana huɗu da fara aiki a nan Tasawa. Lokacin aikina yanka hotunan katin ɗan ƙasa ne kawai. Maigida Isufu ya tafi Maradi sayen takarda, ya bar mini kamera. Ɗiyata Nana tana da wata bakwai, tana goye a bayana.

Da hantsi sai ga wani tsoho, Baba Lawali, daga Maijirgi. Farar tattabararsa ta ɓata, ya rantse tana cikin na maƙwabcinsa Malam Haruna. Shi kuwa Malam Haruna ya ce ba mai shigar masa gida yana laluben tattabaru. To dama Baba Lawali ya shafa wa tasa lalle a ƙarƙashin fiffike, ba a ganinsa sai ta tashi sama. Maigari ya ce a kawo mai hoto.

Na ce, "Baba, maigidan ba ya nan."

Ya ce, "Ke ba ki da hannu ne, ɗiyata?"

Muka hau kabu-kabu. Mun tarar da dattawa sun fi goma a ƙofar gidan Malam Haruna, tattabaru na bisa soro. Malam Haruna ya ce, "Sau uku zan tashe su, ba ƙari. In ba a ga lalle ba, Lawali ya bar ni in huta."

Kun san in aka danna maɓalli rabi, wani ɗan akwati kore yakan fito a gilashi, abin da ya kama shi ne zai fito tas. Malam Haruna ya tafa, suka tashi, na danna. Da na duba, gemunsa ne ya fito har ana ƙirga furfura, tattabaru kuwa kamar an watsa kunu a sama. Karo na biyu, fuskar maigari ce da goro a baki.

Na kira Isufu a waya, babu rezo, kiran bai shiga ba. Rubutun cikin kamerar Faransanci ne, ni ko aji uku na bar lakwal. Nana ta fara kuka, rana na dukan kanta. Ina jijjiga ta ina kallon gilashin, sai na ga wani tsoho ya duƙa gyara takalmi, akwatin ya bar shi ya koma kan na kusa da shi. Ya ɗago, akwatin ya dawo kansa. Ashe fuska take bi! Da hoton biki da na kati aka saba mata.

Na durƙusa gaban maigari. "Ranka ya daɗe, ku yi mini haƙuri. Ku juya duka ku fuskanci katanga."

Malam Haruna ya ce, "Mu da jikokinmu, a jera mu kamar 'yan lakwal da suka yi laifi?"

Baba Lawali ya ce, "Juya mana, Haruna, kamerar ma ta gaji da gemun nan naka."

Maigari ya fashe da dariya, shi ya fara juyawa, sauran suka bi. Malam Haruna ya tafa yana kallon katanga. Akwatin ya rasa fuska, ya yi ta yawo, sai ya cafke farar nan daidai ta buɗe fukafukai. Na danna har yatsana ya yi zafi.

Ga lalle nan ja wur, kowa ya gani. Malam Haruna ya gyara hula ya ce, "To ni na kira ta? Namijina ta biyo. Ƙwai biyu ma ta yi." Maigari ya ce a bar ta ta ƙyanƙyashe, sannan ta koma gida da ɗa guda, ɗaya na Haruna.

Da Isufu ya dawo ya nuna mini inda ake kashe bin fuskar, dannawa biyu kacal. Ku koye shi tun yau. Amma in kuka rasa mai nuna muku, ku bar danne-danne, ku tsaya ku kalli abin da akwatin yake bi. Kuma kada kunya ta hana ku roƙon manya. In da ladabi ne, har katanga za su kalla.