Mama Rimot da Jakin da Ba Ya Tambaya

Kafin talabijin ya shigo rayuwarta, Mama Tela ake ce mata. Ta tsufa tana ɗinki a ɗan shagon da ke jikin gidanta, keke ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, tef a wuya kamar sarƙa. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun girma sun watse, amma duk Lahadi sai ta koma uwar goyo, domin ita ke riƙe ƙananan yara a ɗakin bayan coci har manya su gama sujada. Mai kuka ta goya, mai fitsari ta wanke. Rabin iyayen da ke kawo mata yara yanzu, a ɗakin nan ta share musu majina.

Sai ɗanta na fari ya aiko mata da talabijin da ɗan filas na zuba fina-finai, wai ta riƙa kunna wa yaran coci ta hutar da maƙogwaronta. A ciki akwai katun na Kirista, labarin wani ɗan jaki mai manyan kunnuwa da ba ya iya ganin kowa cikin wahala ya wuce. Ya ga tsohuwa da kaya, ya ɗauke. Ya ga kunkuru ya kife, ya juya shi. A ƙarshe dabbobi su taru su rera waƙa cewa Ubangiji yana ƙaunar mai taimako. Yara suka yi tsit, ko tari babu. Da yake ba ta yarda kowa ya taɓa rimot ɗin, a jakarta yake kwana, sai aka koma kiranta Mama Rimot.

Abin da Fasto ya shekara yana faɗa manya ba su ɗauka ba, jaki ya nuna sau ɗaya yara suka ɗauka. Ɗan wata Nas ya ga mutum yana tafiya ba takalmi, ya shiga ɗaki ya miƙo masa na babansa. 'Yar mai shago ta yi wa 'yan tsaki wanka, suka wuni suna rawar ɗari. 'Yan biyun Mai Walda kuwa suka ga wayar babansu ta yi baƙi da maiƙo, suka sa mata soso da sabulu, suka shanya ta a rana.

Ranar Lahadi iyaye suka taru a barandar coci, Dattijon coci a tsakiya.

Mai Walda ya ce, "Mama, ke kika rene ni, ba zan ɗaga miki murya ba. Amma wayata yanzu ta fi ni tsabta, kuma tun ranar ba ta sake magana ba."

"Kai da sai an bi ka da gudu kafin ka ga soso, wa ya ce 'ya'yanka za su gaje ka?" in ji Mama.

Aka yi dariya, ban da shi. Nas ta ce katun ɗin ba shi da aibu, amma ya fi ƙarfin kan 'yan shekara huɗu. Wata ta ƙara da cewa, cikin ladabi mai zafi, ai Mama ta gaji, a ba 'yan mata ajin. Dattijo ya yanke magana: zuwa ƙarshen wata, in aka sake samun ɓarna, a cire talabijin, Mama kuma ta huta.

Kalmar hutun nan ce ta tsaya mata a wuya. Ta sa aka kai mata talabijin shago, tana ɗinki tana kallo. Ta ɗauki almakashi za ta yanka wani yadi, sai ta tuna mai shi ba ta faɗi tsawon hannun da take so ba, ta ajiye. Tana ɗaga kai, ga jaki ya fizge kayan tsohuwa ya ɗora a baya, ko sannu babu.

"Kai ɗan nan," ta ce wa talabijin, "wa ya aike ka?"

Lahadin da ta biyo, jaki na miƙa wuya zai ɗauki kaya ta danna rimot, ya daskare baki buɗe.

"Me ya manta?" ta tambayi yaran.

"Takalmi," in ji ɗan Nas.

"Tambaya ya manta. Ni in na yanka yadin uwarku ban tambaye ta ba, me za ta yi?"

"Za ta yi masifa," in ji 'yar mai shago, da muryar wadda ta san abin da take faɗa.

Nan ta koya musu: ka fara cewa "In taimake ka?" In an ce a'a, ka ce to. Abu mai wuta ko kaifi, ko waya, a kira babba. Duk inda jaki zai yi alheri sai ta tsayar da shi, yara su yi tambayar a madadinsa, sannan ta sake shi. Kallon ya ninka tsawo, amma ba wanda ya yi gyangyaɗi.

Unguwa ta sha tambaya. Ko hamma mutum ya yi, sai ya ji wata 'yar murya a gwiwarsa tana cewa a taimake shi.

Ranar hukunci iyaye suka hallara, ba a ga Mai Walda ba. Can sai ga shi yana tahowa a hankali bayan mahaifiyarsa, 'yan biyu sun riƙe ta dama da hagu. Kaka ta yi watanni ba ta zo coci ba, kullum ta ce gajiya, kowa kuma ya yarda.

Ya zauna yana murza hularsa. Ya ce yaran sun tambayi Kaka ko su taimake ta, ta ce a'a, suka ce to. Washegari suka sake tambaya, tunda Mama ba ta hana tambayar gobe ba. Da suka ishe ta sai ta faɗi gaskiya: matakalar ƙofar gida take tsoro, gwiwa ta daina ɗaukarta, kuma tana jin nauyin ɗora wa ɗanta wani aiki.

"Ina yi wa gari ƙofofi, ban ga matakalar gidana ba," in ji shi. "Jiya na haɗa mata ƙarfen riƙewa."

Dattijo ya gyara murya ya tambaya ko katun ɗin ya dace da ƙanana.

Nas ta ce, "Jakin shi kaɗai, a'a, Baba. Jaki da ɗan yatsan Mama, e."

"Wanda ya cire talabijin ɗin nan zai gana da sandata," in ji Kaka. Maganar hutu ba ta sake tashi ba.

Da Asabar Mama ta je share ɗakin yara, ta tarar da Mai Walda a kan tsani, ya zo da kejin ƙarfe na talabijin, yana shirin huda bango.

"Baban 'yan biyu, ka tambaye ni?"

Ya tsaya, injin huda bangon a hannu. 'Yan biyu da suka biyo shi suka toshe baki suna dariya.

"Mama, in taimake ki?"

Ta bar shi a kan tsanin har ta gama share lungu guda, sannan ta ce, "To. Amma ka ɗaga shi sama, inda soso ba zai kai ba."