Littafi Mai Koren Bango a Ajin Mama Magdalene

"To gaya mini, ɗana, da me zan koya musu? Da takardar ƙunshin ƙosai?"

Mama Magdalene ta dakata da ɓarar gyaɗa, ta dube ni kamar ni na ɓoye amsar. Muna zaune a ƙofar gidanta a Zuru, wata Asabar cikin daminar 2006. Garmar babana na zo karɓa, magana ta zaunar da ni.

Kowa a unguwarmu ya san ta. Matar soja ce, mijinta ya rasu. Ba a sa ta makaranta ba tana yarinya. Sai da ta haifi huɗu, a bariki, lokacin da aka tura mijinta Laberiya, ta koyi karatu da wani ɗan littafi mai koren bango. Labarin wani saurayi ne da ya yi golmo, wato noman da saurayi yake yi wa iyayen yarinya shekara bakwai kafin a ba shi ita. Haka nata mijin ya yi kafin ya shiga soja.

"Duk layin da na haɗa," in ji ta, "sai in ji kamar maigidana ne ya dawo daga gona."

Wanda ya rubuta littafin malamin makaranta ne da ya taɓa koyarwa a ƙauyukanmu, daga baya ya koma birni ya yi suna. Ta taɓa aika masa wasiƙa, ya ba ta amsa, ta adana cikin Littafi Mai Tsarki. Da ta dawo gida sai ta buɗe ajin karatu na mata a bayan coci, kowace Asabar da yamma. Littafin nan kaɗai suke da shi, guda goma sha huɗu.

Sai ga wata tsohuwa, Hannah, daga wajen Ribah, ta dawo zama gidan 'yarta. Ta shiga ajin don tana so ta karanta littafin waƙoƙi da idonta. A mako na uku Mama ta sa su haɗa sunan da ke jikin bango, harafi bayan harafi. Da aka kai ƙarshe Hannah ta tashi ta fita, takalmanta a hannu.

"Washegari na bi ta gida. Na ɗauka ciwon ciki ne," in ji Mama.

A can Hannah ta faɗa mata komai: ashe tana budurwa, a gidan mahaifinta aka sauke malamin. Lokacin wani saurayi, Dawuda, ya shekara biyar yana yi mata golmo. Malamin yakan zauna a bakin gona da biro yana kallonsa. Kafin hutu Hannah ta yi ciki, malamin ya ɗaure akwatinsa, bai sake waiwayo ba. Dawuda ya ajiye garma ya bar garin, har yau babu labarinsa.

"Kin tabbata, Mama?"

"Kai ma da tambayar lauya! Na ga 'yar. Na ga goshinta, na ga hoton da ke bayan littafin. Ko makaho ya shafa zai gane." Ta ɓare gyaɗa guda. "Kuma saurayin da ke cikin labarin, Dawuda ne. Har itacen ɗorawar da ke tsakiyar gonar. A littafi dai ya cika bakwai ɗinsa, an ba shi mata."

Na ɗebi gyaɗa ina taya ta ɓara.

Ta ce ta je wurin fasto, ya ce ta yafe. "Na ce, Fasto, ba ni aka yi wa ba, me zan yafe?" Wasiƙar kam ta jefa a murhu. Littattafan ta kai su har bakin wuta, ta dawo da su.

"Da kin liƙe sunan da takarda," na ce.

"Na liƙe. Labarin fa, da me zan liƙe shi?"

Mako biyu ke nan ba a yi aji ba. Matan suna shafi na sha tara. Alice mai sayar da daddawa ta fara karanta katin asibitin ɗanta da kanta, kullum sai ta tare Mama a kasuwa tana tambaya ko an ba saurayin matar. Mama ta aika Birnin Kebbi a nemo wani littafin, an ce sai bayan girbi.

"Ita Hannah me ta ce?"

"Ta ce, 'Ki koya musu, Magdalene. Ni dai na haƙura da karatu.' Ka ji. Haruffa tara ta iya. Ita kaɗai ce za ta zauna a gida, shi kuma malamin yana cikin aji."

Aka buga ƙararrawar coci. Ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta shiga ɗaki, ta fito da jakar littattafan. Ta tsaya tana riƙe da ita kamar kayan wani.

"Za ki karanta musu?"

"Ban sani ba, ɗana. Suna can suna jira."

Ta ɗora jakar a ka, ta kewaye ruwan da ya kwanta a hanya, ta nufi coci.